Muryar da Yayana Ya Goge

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, mai magana da mai shiru. Yayana ya riga mu. Mun kai shi makwancinsa bayan azahar, muka dawo unguwarmu Yantala a Yamai muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka zaunar da ni a tsakiya saboda ni kaɗai na rage cikin 'ya'yan Inna.

Mutane sun zo, babu laifi. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna miƙo hannu suna cewa "fonda tilas", gaisuwar rashinsu ke nan. Telolin layinmu sun rufe shaguna, tsofaffin direbobin taksi abokan aikina sun iso suna dogara sanduna. Matar yaya tana ciki, ba a jin kukanta, amma duk wadda ta shiga wurinta sai ta fito tana share ido. Cikin duk abin da aka faɗa a zaman nan, maganar mutum biyu ce ta tsaya mini a rai.

Na farko saurayi ne, abokin jikan marigayin, yana aiki a ɗaya daga gidajen rediyon nan da suka cika gari yanzu. Ya ji ana cewa yaya ɗan jarida ne, sai ya sunkuya ya ce wa na kusa da shi, yana zaton tsufa ya toshe mini kunne: "Zamanin soji? Ai wannan ba aikin jarida ba ne, karatun takardar da anka miƙo maka ne." Na biyun dattijo ne da suka yi aiki tare da yaya. Ya gyara babbar rigarsa ya ce yaya bai taɓa sanin tsoro ba, shi ne ya tsaya gaban bindiga ya ceci jama'a daga yunwa. Aka yi ta kabbara. Ni kuwa na biyun ya fi ɓata mini rai. Yaron bai sani ba ne. Dattijon ya sani sarai, kuma ya san da yaya yana zaune a wurin da ya tsayar da shi tun bai kai ƙarshe ba, ya ce masa ba haka aka yi ba.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ni direban taksi ne, karatuna bai yi nisa ba, amma motata ce ta kai shi yawancin wuraren da zan ambata. Ba na so a tuna shi a matsayin ɗan amshin shatan soji, ba na kuma so a ɗora masa jarumtar da bai yi ba. Ina so a san abin da ya faru kamar yadda ya faru, ko da bai yi daɗin ji ba.

Yaya mutum ne mai wuyar zama. Wannan ko matarsa ba za ta musa ba. Yana da wata tambaya da ya addabi gida da ita: "Gani ka yi, ko ji ka yi?" In ka dawo kasuwa ka ce tumatir ya yi tsada, sai ya tambaye ka ko ka taya. In matarsa ta ce 'yar maƙwabta ta yi yaji, sai ya ce wa ya ga fitarta. Ta taɓa ce masa cikin fushi, "Malam, ko gobara ta kama ɗakin ga sai ka nemi shaidu biyu kafin ka ɗauko ruwa." Ya yi dariya ya ce a'a, gobarar da ya gani da idonsa ba ta bukatar shaida.

A sashen Hausa na gidan rediyo yake aiki. Kullum yana rataye da manyeto, wato akwatin ɗaukar murya, mai nauyi har ya karkata masa kafaɗa ɗaya, haka kuma kafaɗar ta zauna har ya mutu. Wata shekara ana jajibirin Babbar Salla wani ɗan kasuwa da yaya ya yi hira da shi ya aiko da rago gida, ƙato, fari tas. Yara suka yi ta murna, har sun raɗa masa suna. Yaya ya dawo ya tarar da shi ɗaure a gindin darbejiya, bai ko zauna ba ya aika a kira ni. Ni aka sa na mayar da ragon, a kujerar baya ta taksina, yana fitsari yana tunkurin ƙofa tun daga Yantala har bayan babbar kasuwa. Na dawo ina faɗa, na ce rago dai rago ne, mutumin bai roƙi komai ba. Ya ce, "Bai roƙa ba yau, Auta. Ran da zai roƙa, naman na cikin cikina." Auta yake kirana har na yi furfura. Warin ragon nan ya daɗe a motata, fasinjoji suna shiga suna toshe hanci.

Amma al'adarsa da kowa ya san shi da ita ita ce mayar wa mutum maganarsa. In ya gama ɗaukar muryarka ba ya tashi. Sai ya mayar da kaset baya ya kunna maka, ka ji kanka da kunnenka, sannan ya ce, "Haka kake nufi? Ka yarda duniya ta ji?" Abokan aikinsa suna yi masa dariya, suna cewa yana ɓata batir yana ɓata lokaci. Shi kuwa cewa yake mutumin ƙauye bai san nisan da murya take tafiya ba, yana zaton da kai kaɗai yake magana, alhali da dukan ƙasa yake yi. Na ga wata tsohuwa mai sayar da ƙuli ta ji muryarta ta rufe fuska da gyale don kunya, ta ce a cire inda ta zagi surukinta. Ya cire a gabanta.

Sai farin nan ya zo, lokacin soji ne ke riƙe da ƙasa. Waɗanda ba su gani ba ba za su gane ba. Kogi ya janye har yara suna taka tsakiyarsa. Mutane suka fara shigowa Yamai daga arewa, a ƙasa, wasu da jaki ɗaya da ya rage, wasu ko shi babu. Da yawa suka yada zango a bakin kogi wajen Saga, bayan gonakin shinkafa, suka kafa bukkoki da kara da tsumma. A rediyo kuwa ana cewa an shawo kan al'amari. Lokacin ba a gardama da abin da rediyo ya faɗa. Fasinja zai shigo mota ya fara magana, sai ya dubi na kusa da shi ya yi shiru.

Wata safiya aka ce za a raba hatsi a zangon nan, aka tura yaya ya ɗauko labari, ni na kai shi. Kamyoyi, wato manyan motocin kaya, sun zo cike da buhunan jar dawa, an jera su, an kafa rumfa, manya sun zauna. Aka yi jawabi, aka kira 'yan mutane aka miƙa musu buhu ana ɗaukar hoto. Manya suka shiga motocinsu suka tafi, sauran 'yan jarida suka bi su. Na tayar da mota, yaya ya ce in kashe. Wannan ma halinsa ne, ba ya tashi tare da manya, ya ce sai sun tafi ake ganin abin da suka bari. Muna zaune a inuwar wata bishiya muka ga lebura suna mayar da buhunan cikin kamyo, jandarmomi suna tsaye. Abin da aka bari bai kai a yi maganarsa ba. Mata suna kallo da ƙoransu a hannu. Ina aka kai hatsin, da umurnin wa, ban sani ba. Yaya ma har ya mutu bai yarda ya ce wane ne ba, ya ce shi dai ya ga lodi, bai ga mai ba da umurni ba.

Nan ne wani tsoho ya taso ya nufo mu. Dogo ne, Bakurfe, wato mutumin Kurfai, daga wajen Filinge, rigarsa ta yage amma rawaninsa a naɗe tsaf. Ya dubi akwatin ya ce, "Kai ne mai rediyo? Buɗe abinka." Ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba. Ya faɗi sunansa da na garinsu, ya faɗi shanun da ya rasa, ya faɗi abin da idonmu duka ya gani game da buhunan. Ya ce matarsa na kwance cikin bukka, ba ciwo take ba, ta daina ci ne don jikoki su samu. Ya ce a gaya wa shugabanni, wataƙila ba su sani ba.

Yaya ya mayar masa da maganarsa kamar yadda ya saba. Tsohon ya saurara kansa a sunkuye har ƙarshe. Yaya ya ce, "Baba, ka yarda duniya ta ji? Ka san abin da zai iya biyo baya?"

"Na sani, ɗana. Mi za su karɓe mini wanda Allah bai riga ya karɓa ba? Sa ta, da sunana."

Muka kamo hanyar gari. Ba mu yi nisa ba ya ce in tsaya. Na tsaya, na ga ya dafa akwatin. Ga abin da yake gabansa: duk kaset da ya shiga gidan rediyo sai darakta ya saurara kafin a saka, kuma a can ake ajiye shi. Ba za a taɓa sakin muryar nan ba, wannan ya tabbata. Abin da za a yi shi ne a ji sunan tsohon da garinsu, kafin la'asar an zo an ɗauke shi, a bar tsohuwa da jikoki. Hanya ɗaya ce ta rage, ya faki idon mai kula da na'ura ya saka ta kai tsaye lokacin shirinsa. Yana iyawa, ya faɗa mini da bakinsa cewa yana iyawa. To amma ko ta nan ɗin ma tsohon ne za a fara nema, shi kuma na biyu.

Na ce, "Yaya, mutumin ya ce ya yarda."

Ya ce, "Ya yarda, amma bai taɓa ganin inda ake kai mutane ba. Ni na ga waɗanda sunka fito." Sannan ya ƙara, "Kuma ni ma tsoro nake ji, Auta. Kada in ɓoye bayan tsohon."

Ya mayar da kaset baya, ya danna ɗauka, ya miƙa makirfon ta taga. Muna zaune har ya cinye maganar tsohon duka. Abin da ya hau kanta kukan tsuntsaye ne da ƙarar wata mota da ta wuce.

Da ya isa aiki aka miƙa masa takarda ya karanta: an raba hatsi a Saga, kowa ya samu, jama'a suna godiya. Ya mayar wa darakta ya ce a ba wani, shi yana wurin aka yi rabon, ba zai iya ba. Aka ba wani ya karanta, da murya mai daɗi kuwa. Shi kuma aka karɓe akwatinsa, aka mayar da shi teburin sanarwar rasuwa, inda mutane ke kawo sunayen mamatansu a karanta da rana don dangi na nesa su ji. Aikin da ake ba sabon shiga ke nan.

A kan wannan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na same shi a tsakar gida na ce masa ni ban gane wannan irin aiki ba. Gaskiyar ba ka faɗa ba, ƙaryar an faɗe ta duk da haka, tsohon bai samu ko tiya ɗaya ba, kai kuma ka zubar da matsayinka. Wa ya amfana? Na ce in tsoro ne ka ji tsoron gaba ɗaya ka karanta takardarsu, in kuma ƙarfin hali ne ka yi shi gaba ɗaya. Matarsa tana ja mini riga tana cewa in rage murya, bango yana raɓe da gidan wani. Shi kuwa ya bar ni na gama. Ya ce, "Bakina dai ba zai faɗi abin da idona ya ƙaryata ba. Iyakar abin da na iya ke nan." Har yau ban janye maganata duka ba, kuma shi ma bai taɓa ce mini na yi kuskure ba.

Washegari ya sa na mayar da shi Saga. Na ce me kuma za mu yi? Ya ce mutum ya ba shi amanar murya, dole ya gaya masa abin da ya yi da ita. Da ni ne da ban koma ba. Ya durƙusa gaban tsohon ya ce, "Baba, na goge." Ya yi masa bayani. Tsohon ya dube shi ya ce, "Kai ka tambaye ni ko na yarda, na ce na yarda. To don mi ka tambaye ni, in kai ne za ka yanke?" Mun zo da 'yar shinkafa da sukari, tsohon ya ce a miƙa wa jikoki, shi bai ko dubi ƙullin ba.

Ba a daɗe ba, wata safiya yaya yana zaune a teburinsa, ya ɗaga kai ya ga tsohon tsaye. A ƙasa ya tako daga Saga. Ya zo ba da sanarwar matarsa, don danginta na Kurfai su ji.

Sanarwar rasuwa tana da lafazinta da kowa ya haddace. A faɗi suna da gari, a ce Allah ya yi wa wance rasuwa bayan gajeruwar rashin lafiya, ko bayan doguwar jinya. Cikin farin nan duk haka ake faɗa, ko mene ne ya yi ajalin mutum. Yaya ya ɗauki alƙalami ya tambaya yadda ya saba, gajeruwa ko doguwa. Tsohon ya ce, "Ka san ba jinya ta yi ba. Na hwaɗa maka tana da rai."

Yaya ya aiko aka nemo ni a tasha, muka koma Saga da tsohon a mota. Ya nemi matan da suka yi mata wanka ya tambaye su, ya tambayi maƙwabtan bukka ko ta yi zazzaɓi, ko tari, ko gudawa. Ni har haushi ya ba ni, ina ganin wannan wace irin tambaya ce a gidan makoki. Duka suka ce babu, ƙarewa ta yi ta yi har ta ƙare.

Ina cikin mota da fasinjoji a kan hanyar babbar kasuwa lokacin da aka fara sanarwa. Na ji muryarsa yadda take kullum, a natse. Ya karanta na wasu, ya zo kan nata. Ya faɗi sunanta da garinsu, ya ce ta rasu a zangon bakin kogi wajen Saga. Bai faɗi sunan mai sanarwa ba. Sai ya ce, "Ba jinya ta yi ba. Yunwa ce ta kashe ta. Na je wurin da kaina, kuma akwai irinta da yawa a can." Ya wuce zuwa suna na gaba kamar ba abin da ya faru. Wata mata a baya ta ce "Inna lillahi" a hankali, ni kuma na gangara gefen titi na tsaya.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Babu bindiga a wurin, babu jawabi. Da safe jandarmomi suka zo gida suka tafi da shi, yana ta neman takalminsa ɗaya, fuskarsa ta yi fari fat. Ya daɗe a hannunsu. Ya fito a rame, kunnensa na hagu ba ya ji, kuma bai sake zama gaban makirfo ba har abada. Ya kafa ɗan tebur a bakin titi yana gyaran rediyo. Taksina ce ta ciyar da gida biyu shekaru masu yawa, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban yi gunaguni ba, na yi, a gabansa ma.

Yana tsare aka zo da kamyoyi aka kwashe mutanen zangon aka mayar da su garuruwansu, aka ba kowane gida ɗan hatsi. Daga nan labarin dattijon nan na wurin makoki ya samo asali, wai maganar yaya ce ta sa. Duk wanda ya faɗa wa yaya haka sai ya girgiza kai ya ce ba shi da shaida, mai yiwuwa dama an shirya. Kafin a kwashe su na je na gaya wa tsohon cewa an kama yaya, ina zaton zai ji wani abu. Ya ce Allah ya fid da shi lafiya. Sannan ya ce, "Ya hwaɗa, amma ga gawa. Ni ga mai rai na roƙe shi." Na riƙe maganar nan ban gaya wa yaya ba sai da ya matsa mini, don shi ba a ba shi rabin labari.

Wannan ita ce maganar da ya yi ta ɗauka har tsufa. Da zamani ya canja, aka buɗe baki, matasa suka zo suna so su yi hira da shi, ya ƙi. Ba ya son a yaba masa sanarwar nan. Ya ce duk mai yabonta bai san abin da ya gabace ta ba.

A cikin ciwonsa na ƙarshe ina zaune gefensa da hantsi, matarsa ta fita dama masa kunu. Na ce, "Yaya, da za a mayar da kai cikin motar nan, a bakin kogi, za ka goge?"

Ya ce, "Wata rana in tashi in ce na tsare ran tsohon, na yi daidai. Wata rana in tashi in ce da na saka, da wataƙila hatsi ya dawo tana da rai. Ban sani ba, Auta. Ba na faɗin abin da ban sani ba."

Na ce ya bar wa Allah, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya kama hannuna, da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Na san ka da surutu, za ka ba da labarin ga bayana. In za ka bayar, kada ka fara daga sanarwar. Fara daga inda na goge. Kuma kada ka cire tsohuwar."

To ban cire ta ba. Ya goge muryar mijinta tana da rai, ya faɗi gaskiyarta bayan ta mutu, a tsakani kuma bai yarda ya karanta ƙarya ba. Wanda zai yi masa addu'a ya yi masa a kan haka, ya haɗa da ita. Allah ya jiƙan yayana, ya jiƙan matar nan ta Kurfai, ya yi musu hisabi mai sauƙi su biyun, don shi kaɗai ya san amsar da yaya ya mutu yana nema.